Kawu, Farrashin da Ya Ciyo wa Makarantarmu Kofuna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke unguwar Kudai a Makka, yana da shekara casa'in da 'yan kai. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa dardumai a ƙofar gida kamar yadda aka saba.

Maƙwabta sun san shi a matsayin dogon tsohon nan mai sanda, wanda ba ya ƙyale yaro ya wuce bai gaishe shi ba. Shi ya sa abin da suka gani a kwana ukun nan ya ɗaure musu kai. Motoci suka riƙa tsayawa suna sauke tsofaffi, wani da sanda, wani a keke ana tura shi, wani jikansa na riƙe da hannunsa. Ga Larabawa, ga 'yan asalin Buhara, ga 'yan Hadaramaut, ga mu Hausawa. Kowa ya zo sai ya yi gaisuwa cikin jimami, ya zauna, ya karɓi gahawa. Ba za a jima ba sai ka ji wani ya ce, "Kun tuna ranar shuni?" Shi ke nan sai dariya ta ɓarke, tsofaffi suna goge hawaye da gefen mayafin kansu. Limamin unguwa, saurayi ne, ya matso kusa da ni ya rage murya ya ce da Larabci, "Ya ammi, anya wannan zaman makoki ne?" Na ce masa, "Shi ne, ɗana. Marigayin ne ya ja."

Akwai abokina ɗan Buhara, wanda muka yi aji ɗaya da shi. Ya nemi a kai shi ya gaida Goggo, matar marigayin, ta bayan labule. Ya yi mata ta'aziyya da Larabci, amma ya ga kamar bai wadatar ba, yana so ya faɗa mata wani abu da harshen mijinta. Hausar da ya iya a duniya ba ta wuce kalma goma ba, kuma duk a filin ƙwallo ya tsince su. Ya yi ta lalube a cikinsu, can sai ya ce, "Goggo... miƙo! Tsare shi! Koma baya, sakarai!"

Goggo da ta kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba ta yi dariya har sai da 'yarta ta riƙe ta. Da ta lafa ta ce, "Wallahi kamar shi ne ke magana. Allah Ya yi maka albarka."

A nan na ƙudurta zan rubuta wannan. Jikokinmu sun fi jin Larabci, kuma ko da Larabcin ba wanda ya ba su labari. Kofunan suna nan a makarantarmu cikin kabad na gilashi, da sunan makaranta a jikin kowanne. Sunan Kawu ba ya jikin ko ɗaya.

Da ƙafa iyayenmu suka zo. Kakana ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, da matarsa da 'ya'ya biyu, Kawu da Umma mahaifiyata, suka yi shekaru a hanya. A Sudan suka fi daɗewa, suna tsinkar auduga. Can ne Kawu, yana matashi, ya samu aikin shara a wata makarantar kwana, inda ɗalibai ke wani wasa na jefa ƙwallo cikin zoben ƙarfe da aka kafa a jikin allo, sama da kan mutum. Ya ce da farko ya ɗauka horo ne ake yi musu. In sun tashi sai ya jingine tsintsiya ya gwada. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, aka ce dogon nan mai shara ya shigo ya cike. Shekara uku yana cikewa.

Da suka iso Makka ya yi ga-ruwa, ya yi ɗaukar tsofaffin alhazai a kan makara ta katako yana yi musu ɗawafi. Bayan yaƙin duniya ya lafa sai ya samu aikin farrash a makarantar sakandare ta samari. Farrash shi ne mai shara, mai kaɗa ƙararrawa, mai kai wa malamai shayi. A wannan aikin ya zauna har ya yi ritaya.

Wata shekara aka kawo wani malami Bamisire, ya zo da ƙwallo ɗaya da zobe biyu da littafin dokoki. Ya sa aka kafa zoben a farfajiya, ya tara ɗalibai, ya buɗe littafi ya yi bayani mai tsawo, sa'an nan ya jefa don ya nuna musu. Bai shiga ba. Ya sake, bai ko taɓa allon ba. A karo na uku ƙwallon ya gangara har gaban Kawu, wanda ke wucewa da tiren shayi. Kawu ya ce shi bai yi niyyar komai ba, hannunsa ne ya tuna. Tire na hannun hagu, ya sa hannun dama ya ɗauki ƙwallon, daga nan inda yake tsaye, kusan tsakiyar fili, ya wurga. Ya faɗa cikin zobe bai taɓa ƙarfe ba. Ya ci gaba da tafiyarsa ya kai wa mudir, wato shugaban makaranta, shayinsa tun bai huce ba.

Allah Ya jiƙan Bamisiren nan, mutum ne mai gaskiya. Ya bi shi har ofis ya ce, "Ni na karanta, kai ka iya. Zo mu haɗa." Bayan shekara biyu ya koma ƙasarsu ya bar wa Kawu usur ɗinsa.

Ni na shigo makarantar bayan haka. Dogon ƙashin gidanmu na ɗauko, don haka ranar farko Kawu ya kama kunnena ya kai ni fili, ba tare da ya tambaye ni ko ina so ba. Har ya rasu bai saki Sakkwatancinsa ba, kuma da shi yake horar da kowa. In yaro Balarabe ya ce bai gane ba, sai Kawu ya maimaita da Hausar dai, amma da ƙarfi. Haka duk suka koya.

Abin da ya fi tsana shi ne rowar ƙwallo. In ka riƙe shi ya wuce ƙiftawar ido uku sai ka ji, "Kai! Wanga ƙwallo matarka ce? Miƙa ma ɗan'uwanka!" In ka jefa daga nesa ya shiga alhali wani na tsaye ƙarƙashin zobe ba mai tsaronsa, ba zai yaba maka ba, sai ya ce, "Ka ci, amma ba ka kyauta ba." Gudun da yake sa mu kuwa, hawan duwatsun unguwa ne da garwar ruwa a kowane hannu, mu kai wa tsofaffin da ke can sama. Matan unguwar Misfala suka riƙa tambaya yaushe 'yan ƙwallo za su sake atisaye.

Lokacin aikin hajji makaranta na rufewa, kowa ya tafi neman aiki a Mina. Kawu ba ya yarda mu watse. Ya samo mana aikin sauke kankana daga manyan motoci zuwa tantuna. Sai ya jera mu, tazarar taku biyar tsakanin kowa da kowa, kankana na tashi daga hannu zuwa hannu, shi yana tsaye a kan mota yana ihu, "Da hannu biyu! Dubi idon mai karɓa!" Alhazai su tsaya suna kallo. Wanda ya saba cafe kankana cikin zafin Mina, ƙwallon fata ba ya kuɓuce masa.

A Minar ne ya tsinci wani ɗan tsibirin Jawa. Saurayi ne gajere, ɗan ajinmu, iyayensa sun rasu wata shekara da aka yi annoba, yana kwana a wani ɗakin waƙafi da ake ba marasa galihu kyauta. Ya zo neman aiki, muka yi masa dariya don kankanar ta kusa kai girman ƙirjinsa. Kawu ya ce a sa shi a layi. Yini guda bai yar da ko ɗaya ba. Da yamma Kawu ya ce masa, "Kai, gobe ka zo fili. Yau kuma ka zo gida." Daga ranar kwanonsa ya shiga cikin kwanukan Goggo. Shekara huɗu yana cin tuwo da miyar kuka a gidan nan, har ya fi ni iya lashe hannu. A fili kuwa shi ne idonmu, shi ke rarraba ƙwallo, kuma in ya tsaya a kusurwar hagu ba ya kuskure.

Kofin farko na gasar makarantun Makka ne. Mun kai wasan ƙarshe ba mu da rigunan wasa, kowa da irin tasa. Goggo ta ce ba za a kunyata mijinta ba. Ta samo farin yadi ta ɗinka mana riguna da hannunta, ta kuma rina su da shuni kamar yadda ta ga ana yi a gida. Sai dai lokaci ya ƙure, ba ta samu ta ɗauraye su sosai ba.

Bayan la'asar aka fara, zafi kamar a bakin tanda. Kafin a je ko'ina gumi ya jiƙa mu, shuni ya fara zuba. Wuyanmu ya yi shuɗi, hannuwanmu suka yi shuɗi, ƙwallon kansa ya fara sauya kala. 'Yan kallo suna ta dariya. Abokan karawarmu ƙarfafa ne, kuma sun iya riƙe rigar mutum ta baya inda alƙalin wasa ba ya gani. Ana gab da tashi, suna gabanmu da kaɗan, na yi tsalle zan jefa sai na ji an fizgo ni. Alƙali ya ce bai ga komai ba. Wanda ya fizge ni ya rantse bai taɓa ni ba.

Kawu ya taho a hankali har bakin layi, ya ce da Larabcinsa mai kama da Hausa, "Ya ustaz, ban ce kowa ya yi ƙarya ba. A dai ce ya buɗe tafinsa."

Yaron ya ɓoye hannuwansa a baya. Alƙali ya ce ya buɗe. Shuɗi shar, har tsakanin yatsu. Sai alƙali ya sa sauran huɗun ma suka buɗe, ba wanda ya tsira. Filin nan ya ɗauki sowa, shi kansa alƙalin sai da ya cire usur daga baki don dariya. Aka ba ni jifa biyu na zuba su duka, daga nan ba wanda ya sake kusantar rigarmu, muka wuce su. Kofin ya kwana a ɗakin Goggo kafin a kai shi makaranta, mu kuwa mun yi mako guda muna zuwa masallaci da shuɗin wuya.

Shekarar da ta biyo muka sake ɗauka. Daga nan aka haɗa gasa da makarantun Jidda da Ɗa'if, a nan ne kuma muka yi faɗa da Kawu.

An kawo mana sabon mudir. Da muka kai wasan ƙarshe a Jidda, aka ce manyan mutane za su halarta. Mudir ya ga bai dace a ce farrash ne zai zauna a kujerar mai horarwa a gaban manya ba. Ya ce malamin lissafi zai zauna, Kawu ya tsaya ya kula da makaranta. Ran tafiya da safe motar ta zo, muka zauna a ƙasa a bakin ƙofa mu duka, muka ce ba inda za mu. Ni na shirya abin, ina kuma jin kaina jarumi.

Kawu ya fito da tsintsiya a hannu. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Mi kuka zamna yi nan?"

Na ce, "Kawu, in ba kai ba mu."

"Wa ya aike ka? Ni na ce maka kujera nike so? Shekara nawa kuna hawan dutse da garwa, don in zamna bisa kujera?" Ya nuna motar da tsintsiya. "Ku tashi ku hau, ko in share ku tare da ƙasar."

Muka hau, rai a ɓace. Shi kuma ya juya wurin mudir cikin ladabi ya ce, "Ya mudir, Jidda da zafi. Yaran nan za su buƙaci mai ba su ruwa." Mudir ya ce wannan ba laifi. Haka Kawu ya hau bayan mota da salkar ruwa a kafaɗa.

Malamin lissafi ya zauna a kujera da sabuwar alkyabba, bawan Allah bai san ko mutum nawa ke shiga fili ba. Kawu kuwa yana ta kai da kawowa a bakin layi da salka da moɗa, yana ɗaga murya kamar mai tallar ruwa: "Tsare dogon nan! Koma baya! Miƙo hagu, hagu!" 'Yan Jidda sun ɗauka ruwa yake talla da yarensu. Mu kuwa, Balarabe da ɗan Buhara da ɗan Jawa, kowa na jin abin da ake ce masa. Ɗan Jawa ya yi ta zuba musu daga kusurwarsa har suka rasa wanda za su tsare.

Da aka tashi, babban baƙo ya miƙa wa malamin lissafi kofi. Malamin ya karɓa, ya tsaya yana juya shi a hannu, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, ni lissafi nake koyarwa. Ga mai shi can da salka." Ya taka har inda Kawu yake ya danƙa masa. Kawu ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, sai ya tsiyaya ruwa a cikin kofin ya miƙa wa mudir ya ce, "Sha, ya mudir, ka sha rana." Mudir ya sha. Daga ranar bai sake hana shi kujera ba, shi kuma Kawu bai taɓa zama a kanta ba, a tsaye yake horarwa har ya bari.

Bayan mun gama makaranta, na bayanmu sun ci gaba da kawo kofuna, wasu shekarun a samu, wasu a rasa. Kowace safiya shi ke goge su da tsumma kafin ya ɗora ruwan shayi.

Amma akwai kofin da ba mu ɗauko ba, kuma ni ne sanadi. Shekarata ta ƙarshe ce, aka yi wasan ƙarshe a Ɗa'if cikin hunturu. Mu 'yan Makka ba mu san sanyi irin wannan ba, haƙoranmu na kaɗawa. Saura 'yan daƙiƙu a tashi, suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo na hannuna, mutum biyu sun rufe ni. Ɗan Jawa na tsaye a kusurwar hagu shi kaɗai. Na ji muryar Kawu, "Miƙa! Miƙa!" Ni kuwa ina so a ce ni na ci wasan ƙarshe na rayuwata. Na jefa. Ya bugi ƙarfe ya dawo, aka busa usur.

Muka hau mota muka sauko daga dutse. Kawu bai ce mini komai ba, ran nan ko bayansa. Na yi aure, na yi aiki, na yi ritaya, na aurar da jikoki, bai taɓa tayar da maganar ba. Na ɗauka ya manta.

Mako biyu kafin rasuwarsa na je duba shi da hantsi. Idonsa ya riga ya tafi, muryarsa ta yi ƙasa. Ya sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ya ce in matso. Na san wasiyya ce. Na durƙusa na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Ɗana, ran nan a Ɗa'if. Ɗan Jawa na hagunka, ba mai tsaronsa."

Na ce, "Na gan shi, Kawu."

"Na san ka gan shi. In da ba ka gan shi ba, da tuni na manta."

Ga ni tsoho da furfura, sai na ji hawaye na zubo mini kamar ɗan shekara goma sha takwas. Na ce, "Ka yafe mini."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni mi ka yi mini? Ba ni ne a kusurwa ba. Tafi ka nemi mai haƙƙi."

Ɗan Jawa bai samu zuwa zaman makoki ba, ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa. Da aka share makoki na sa jikana ya kai ni gidansa. Muka yi kuka tare, muka yi wa Kawu addu'a, sa'an nan na gyara zama na faɗa masa abin da ya kawo ni. Na ce na gan shi ran nan, son kai ne ya hana ni miƙa masa, na hana shi kofinsa, ya yafe mini don Allah.

Ya daɗe yana kallona. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza.

Ya ce, "Wallahi, ya akhi, ran nan yatsuna sun ƙage don sanyi, ko maɓallin rigata ba na iya sawa. Ina tsaye a kusurwar nan ba abin da nake yi sai addu'a: ya Rabbi, kada Ka sa ya waiwayo. Da ka jefa da kanka, ban taɓa son mutum kamar yadda na so ka ba."

Muka yi dariya har matarsa ta leƙo ta ga ko lafiya. Shekara hamsin da wani abu kowannenmu na ɓoye wa ɗan'uwansa rabin labari. Na so ƙwarai a ce Kawu ya ƙara ko da kwana uku ne a duniya in kai masa wannan, don na san abin da zai ce: ko da hakan ne, da ka miƙa.

Allah Ka jiƙan bawanKa da ya share mana fili ya kuma tsayar da mu a kansa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu, Ka ba Goggo haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.